Motar 'yan makaranta a Nima da Mamobi: abin da iyaye ke saye da kuɗinsu

Duk unguwar da aka rufe makarantarta, ba a jimawa za ka ga takarda manne a jikin turken lantarki ko bangon shago: ana kai yara makaranta, ana dawo da su, ga lambar waya. A unguwannin Nima da Mamobi da New Town na birnin Accra, a Ghana, wannan sana'a ta zauna da gindinta, haka ma Fadama da Madina. Ita muke dubawa a nan gaba ɗayanta, domin yawancin masu yin ta ba kamfani ba ne, mutum ne da bas ɗaya ko biyu, ko kuma makarantar kuɗi mai motar kanta. Ga hukuncinmu tun daga fari: ga yaron naziri zuwa aji uku da sabuwar makarantarsa ta wuce kilomita biyu, ko wanda sai ya tsallake babban titi, motar ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a san ko shi ne na nawa a jerin ɗauka. Na biyu, akwai babban mutum a baya tare da yaran ban da direba. Idan ɗaya ya faɗi, sabon fentin motar da sunan da aka rubuta mata ba su tsinana komai.

Kafin a shiga motar, yana da kyau a san abin da ke tura mutane cikinta. Makarantun da suka fi rufewa a zangon Accra, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, ƙananan makarantun kuɗi ne da ke haya a gidan wani. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san masu gidaje na neman na shekara biyu, kuma filin Nima da ke maƙwabtaka da Kanda da unguwar filin jirgi ba ya rasa mai saye. Ranar da mai gida ya samu wanda zai gina bene, makaranta ta tashi. Annobar korona ta ƙara dagula lissafi: an rufe makarantu a watan Maris na 2020, na firamare ba su koma ba sai Janairun 2021, kuma makarantar da ke rayuwa da kuɗin da yara ke kawowa kullum ba ta iya biyan haya da malamai na wata goma ba tare da ɗalibi ko ɗaya ba. Sannan akwai tsarin da ya zo da karatun sakandare kyauta, inda ake ware kashi 30 cikin ɗari na gurbin manyan makarantun sakandare ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. Wannan ya sa iyaye da yawa ke cire yaransu daga makarantar kuɗi idan sun kusa BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, azuzuwan sama su zama fayau, mai makaranta ya kasa riƙe ta. Ta gefen gwamnati ba kasafai ake rufewa gaba ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne a ce gini ya tsage ko za a sake shi, a kwashe yara zuwa wani rukunin makarantu "na ɗan lokaci", ɗan lokacin kuma ya zama shekaru.

Ko ta wace hanya aka bi, sakamakon ɗaya ne a cikin gida. Yaron da ke fita ƙarfe bakwai da kwata da kokonsa a ciki ya koma mai tashi kafin a kira assalatu.

A nan ne batun jerin ɗauka ya shigo, kuma shi ne abin da iyaye ba sa tambaya, su tsaya kan farashi kawai. Lissafin ba shi da wuya. Bas mai yara goma sha takwas da ke tsayawa a wuri goma sha biyu, idan kowace tsayawa ta ci minti uku, an kashe minti talatin da shida kenan ba a fara tafiyar ba. Minti uku ɗin ma an yi wa iyaye adalci, don a kowace safiya sai an samu wanda ake neman safarsa ko wanda bai gama cin abinci ba. Ƙara tafiyar tsakanin tasha da tasha, ƙara cunkoson titin Nima da na Kanda wanda ke kamawa tun wajen shida da rabi, sai ka ga yaron da aka fara ɗauka yana zaune a mota sa'a ɗaya da rabi don tafiyar da ba ta kai kilomita biyar ba. Da rana kuma yawancin direbobi suna bin hanyar a juye ne, wato wanda aka fara ɗauka da safe shi ake saukewa a ƙarshe. Yaro ɗaya ke biyan farashin sau biyu, iyayensa kuma suna biyan daidai da na wanda aka ɗauka a bakin ƙofar makaranta.

Abin da ya fi wannan muni shi ne sawu biyu. Mai mota ba ya samun riba da yara goma sha takwas, don haka yake yin zagaye biyu da safe, biyu da rana. 'Yan sawun farko ana kwasarsu tun biyar da rabi, lokacin da gari bai waye ba, tunda a Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara. A sauke su a ƙofar makaranta shida da kwata, babu malami ko ɗaya, sai mai gadi idan an yi sa'a. 'Yan sawu na biyu kuma su ne ke makara kullum, su tarar an gama taron safe, a hukunta su a kan laifin da ba nasu ba. Saboda haka tambayar farko ga mai mota ita ce: sawu nawa kake yi, ɗana yana cikin wanne, shi ne na nawa? Kada a yarda da "ba matsala, Hajiya, da wuri za mu zo". A nemi ya faɗi lokaci, a kuma tsaya a bakin hanya safiya biyu ko uku a ga motar da ido kafin a biya, ɗaya daga cikinsu ta kasance Laraba, ranar kasuwar Nima, lokacin da manyan motocin kaya ke toshe hanya.

Masu aikin da muka fi yabawa su ne waɗanda suka daina bin ƙofa-ƙofa. Lungunan Nima da Mamobi ba na bas ba ne, wasu ma amalanke da ƙyar take wucewa, kuma direban da ya dage sai ya shiga zai ƙare yana ja da baya a gefen kwata cike da yara. Tsarin da ke aiki shi ne matattara huɗu ko biyar a bakin kwalta, kowace da lokacinta, uwa ɗaya ko yaya ɗaya ke tsayawa da yaran lungunsu bi da bi. Mota ta tsaya minti biyu ta wuce, wanda bai zo ba ya bi ta da tasi. Da farko iyaye suna jin haushin wannan tsauri, amma shi ke rage zagayen zuwa rabi, kuma shi kaɗai ne adalci ga yaron da aka fara ɗauka.

Sai ita motar. Yawancinsu trotro ne, wato bas ɗin haya na cikin gari, da suka tsufa: Sprinter, Urvan, Hiace da ƙananan bas na Koriya. Da yawa cikin Sprinter ɗin motocin kaya ne aka shigo da su, mai walda ya yanka taga ya dasa kujeru. Ba wannan ne aibin ba, aibin yana cikin yadda aka dasa su. A shiga a kama bayan kujera a girgiza da ƙarfi. Kujerar da aka ɗaure da ƙusoshi masu noti ta cikin ƙasan motar, da faranti a ƙarƙashi, ba ta motsi. Wadda aka ɗiga wa walda a kan ƙarfen da ya yi tsatsa za ta yi lilo, kuma ita ce ke tsinkewa idan aka taka birki da ƙarfi. A duba bakin ƙarfen kujerun ko a rufe yake da soso, don daidai goshin ɗan shekara biyar yake. Benci na katako da ake sawa a tsakiya ko a bayan direba yana kallon baya alama ce ta cewa ana loda fiye da kima. Ƙa'idar da masu motar ke bi a ransu ita ce yara ƙanana ne, kujerar manya uku za ta ɗauki biyar. Haka bas mai kujera goma sha biyar ke komawa mai ɗaukar ashirin da biyar, jakunkuna a kan cinya, ƙanana a kan cinyar manya.

Ƙofa ma a dube ta. Tun 1974 Ghana ke tuƙi a hannun dama, don haka ƙofar fasinja ya kamata ta kasance a dama, ɓangaren gefen titi. Wasu motocin da aka ƙera don ƙasashen da ke tuƙi a hagu, aka juya musu sitiyari, ƙofarsu ta zamewa tana nan a hagu, tana buɗewa cikin tsakiyar hanya inda babura ke ratsawa. Irin wannan ba ta dace da yara ba ko da kyauta ce. A ja ƙofar a rufe a ga ko tana kamawa da kanta ko sai an ɗaure ta da igiya. A leƙa taya: a gefen kowace akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara huɗu zuwa biyar a zafin Accra robarta ta bushe ko da zanenta bai goge ba, kuma yawancin masu motar tayar gwanjo suke saye. A tambayi na'urar kashe gobara da akwatin magani, a ga ko tagogin baya suna buɗuwa. Duk wannan bai fi minti goma ba, kuma mai motar da ya ɓata rai don an duba ya riga ya ba da amsa.

Takardu sun fi sauƙin tantancewa fiye da yadda mutane ke zato. Motar haya a Ghana lambarta rawaya ce, ta gida fara. Wanda ke karɓar kuɗi yana ɗaukar yara da farar lamba, akwai yiwuwar inshorarsa ta amfanin kai ce, irin wadda ba ta rufe fasinjan da ya biya kuɗi, kuma ranar da aka yi hatsari kamfanin inshora zai iya zame jiki. Hukumar inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake shiga ta waya: a danna *920*57#, a sa lambar motar, a ga ko inshorar tana da rai. A tambayi kuma kujera nawa aka yi wa inshora, don idan takarda ta ce goma sha biyar aka loda ashirin da biyar, an shiga wata rigimar. Sitikar lafiyar mota ta DVLA, hukumar lasisin motoci da direbobi, tana jikin gilashin gaba da ranar ƙarewarta, ta motar haya wata shida-shida ake sabuntawa. Lasisin direba kuma a gan shi da ido: ajin B na ƙananan motoci ne, bas mai ɗaukar sama da mutum goma sha biyar yana buƙatar C ko abin da ya fi. A tabbata wanda aka ga lasisinsa shi ne ke tuƙawa kullum, domin al'adar tasha ce direba ya miƙa wa yaron motarsa sitiyari idan ya gaji ko ya samu wata sabga.

Wannan ya kawo mu kan sharaɗi na biyu, wanda a ganinmu ya fi motar kanta muhimmanci. Direba ba zai iya kallon titi ya kalli yara ashirin ba. Mai kula da yara, wadda yawanci ake kira Anti, ita ce ke buɗe ƙofa da rufewa, ta sauko ta riƙe hannun yaro ta tsallakar da shi, ta hana leƙa kai ta taga, ta raba faɗa, ta san wanda ke amai idan mota ta yi zafi. Ita ce ke riƙe da littafin suna, tana yi wa kowa alama lokacin shiga da lokacin fita, safe da rana. Ita ce kuma ke zagawa har kujerar ƙarshe bayan an sauke kowa, ta leƙa ƙarƙashi. Yaron da aka tasa ƙarfe huɗu da rabi barci yake yi a mota, ya zame ƙasan kujera ba wanda ya lura, a rufe mota a ajiye ta a rana. Zafin cikin rufaffiyar mota yana iya kashe ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci. Ba a magance wannan da komai sai ƙirga kai da zagayen ƙarshe, kullum, ba fashi.

Inda masu motar ke yin tsimi shi ne nan. Maimakon mace babba da aka ɗauka don aikin, sai a bar yaron mota na trotro, matashin da aikinsa kiran fasinja da karɓar kuɗi, wanda ya saba rataya a ƙofa tana buɗe. Wasu ma sai su naɗa babbar ɗaliba 'yar aji shida ta kula da sauran. Ga iyayen 'yan mata akwai ƙarin dalili na dagewa kan mace babba: yarinyar da ake saukewa a ƙarshe tana zama ita kaɗai da maza biyu na tsawon minti goma ko ashirin kowace rana. Ba zargin kowa ake ba, tsari ne da bai kamata a bari ya kasance ba. A rubuta kuma sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda a miƙa musu yaro, a faɗi abin da za a yi idan ba a tarar da kowa ba. Amsar da ta dace ita ce a koma da shi makaranta ko a riƙe shi a mota a kira waya, ba a ajiye shi wajen mai shago a ce "Mma tana zuwa" ba.

Kuɗi iri uku ake biya: kullum, wata-wata, ko na zangon karatu gaba ɗaya. Farashi yana bin nisa da kuɗin mai, don haka ba shi da tsayayyen adadi, amma ga yadda ake auna shi. A ce, don sauƙin lissafi kawai, sidi 10 ne kullum ga yaro ɗaya. Wata yana da ranakun makaranta 20 zuwa 22, sidi 200 zuwa 220 kenan. Gida mai yara uku ya tashi da sama da 600 a wata a kan abin da a da kyauta ne, ƙafa ce kawai. Ga iyalin da yaransu ke makarantar gwamnati, inda babu kuɗin makaranta tun da aka kawo tallafin da gwamnati ke ba makaranta a kan kowane ɗalibi a 2005, motar ce ke zama babban kuɗin karatu, ta fi littafi da yunifom a haɗe. Biyan kullum ya fi dacewa da mai sayar da abinci ko ɗan kasuwar da kuɗinsa ke shigowa kullum, amma yana da illa biyu: mai mota ba ya riƙe wa yaro kujera, kuma ranar da babu kuɗi yaro ba ya zuwa makaranta. Malamai sun san wannan, rajista tana nuna shi a makon ƙarshe na wata. Biyan zango gaba ɗaya yana zuwa da rangwame, sai dai idan injin ya buga a mako na huɗu, kuɗin ya riga ya shiga wajen bakanike. Wata-wata ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, shi ne tsaka-tsaki, saƙon biya kuma ya zama rasit.

A tattauna ƙarin kuɗi tun kafin ya zo. A ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, an yi ta ƙara kuɗin mota a ƙasar, masu motar makaranta kuma suka bi sahu a tsakiyar zango. Hanyar da ta fi adalci ita ce a ɗaure farashin da sanarwar GPRTU, ƙungiyar direbobin haya: idan ta ƙara kashi kaza, a ƙara daidai shi daga farkon wata mai zuwa, idan ta rage a rage. Kashi na biyun nan ba a cika tunawa da shi ba sai iyaye sun tuna. Wanda kuma farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, araha ba ta ado: ko yana loda ninki, ko babu Anti, ko kuma tsakanin tara na safe da ɗaya na rana direban yana komawa layin trotro don ya cika kuɗin da zai miƙa wa mai mota. Wannan na ƙarshe shi ne sanadin yawancin makarar rana. Ya ɗauki fasinja zuwa tashar Circle ko ta 37, cunkoso ya riƙe shi, yara na zaune a ƙofar makaranta har huɗu.

Makarar ranar tana da wani farashi da ba ya cikin lissafin mai mota. A unguwannin zango, yaro yana da makaranta biyu. Wanda ke dawowa da ƙafa ƙarfe biyu da rabi yana cin abinci, ya huta, ya ɗauki allo ko jakar Islamiyya bayan la'asar. Wanda mota ke saukewa biyar saura ya rasa wannan, ko ya je yana gyangyaɗi, karatun Alƙur'ani ya koma Asabar da Lahadi kawai. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana (GES), wanda aka kafa a 1987, suna haɗa Larabci da boko a wuri ɗaya, don haka idan irinsu aka rufe ko aka matsar, yaron da aka mayar makarantar da ba ta da wannan ya yi asara biyu. A tambayi mai mota yadda yake yi ranar Juma'a, musamman idan yana haɗa yaran makarantu daban-daban da ba sa tashi lokaci ɗaya, a kuma tambayi watan azumi.

Akwai abubuwan da babu motar da za ta dawo da su, kuma ba laifin mai motar ba ne. Makarantar unguwa kasuwa ce ga mai koko da ƙosai, da mai waakye (shinkafa da wake), da telan da ke ɗinka yunifom. Idan ta tashi, cinikinsu ya bi yaran zuwa wata unguwa. Uwar da a da malami ke aiko mata yaro ya ce ɗanta na zazzaɓi, ta yafa mayafi ta isa cikin minti biyar, yanzu sai ta rufe tebur ta nemi tasi. Taron iyaye da malamai ya zama tafiya, don haka kujerun iyayen zango ke zama babu kowa, a yanke shawara ba da su ba, malaman kuma su ɗauka rashin damuwa ne. Malamin da ke haɗuwa da uban yaro a sahun magariba ba ya buƙatar rubuta wasiƙa. Na sabuwar makarantar bai san gidan kowa ba, direba ne ya zama manzo tsakaninsu, kuma saƙo yana ɓata a hanya. Inda babu kuɗin mota ga kowa, babbar 'ya ce ake ɗora wa rakiyar ƙanne, ta kai su tasu makarantar sannan ta wuce tata a makare.

Idan aka gwada motar da sauran hanyoyi, ba kullum take cin nasara ba. Ga yaron aji huɗu zuwa sama da makarantarsa ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba, tafiyar ƙafa a ƙungiya ta fi: minti ashirin da biyar zuwa talatin ne, yara shida zuwa takwas da babba ɗaya, iyaye na karɓa-karɓa ko su haɗa ɗan abu su ba wata dattijuwa. Sharaɗin shi ne hanyar ba ta ratsa babban titi inda babu gada ko fitila ba. Mutanen Madina da Adenta ba su manta Nuwamban 2018 ba, lokacin da mota ta kashe wata ɗaliba a babban titinsu inda aka bar gadojin ƙafa ba a gama ba, har jama'a suka tare hanya. Doka ta sa gudun kilomita 30 a sa'a a kusa da makaranta, amma kada a gina lissafin ran yaro a kan cewa direbobi za su bi ta. Trotro ya fi araha ga 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, sai dai da safe yaran mota ba sa son ɗalibai, kuma ƙanana biyu a kujera ɗaya ake yi. Tasi da gida uku ko huɗu suka yi haya tare ya fi komai sauri, tunda tsayawa uku ce kawai, matuƙar an tsaya a yara huɗu a baya ba a cusa bakwai ba. Rauninsa shi ne babu mai kula kuma ranar da direban ya yi rashin lafiya babu madadi. Okada da yara uku a kai, ɗaya a kan tanki, babu hular kwano, ba ma sa shi cikin zaɓi. Bas ɗin Metro Mass da aka taɓa sani da ɗaukar 'yan makaranta masu yunifom kyauta ba sa shiga lissafin mai son isa a kan lokaci daga cikin Nima.

Damina ce ke tona asirin kowane mai mota. Daga Mayu zuwa Yuli, ruwan sa'a ɗaya ya isa ya cika babbar kwatar Nima ya tsayar da hanyoyin da ke gangarawa Circle da kogin Odaw. Mai aikin kirki yana da rukunin WhatsApp na iyaye, yana sanarwa tun biyar na asuba ko zai fito, yana da hanya ta biyu da ya sani, ba ya kuma shiga ruwan da ya kai rabin taya da yara a ciki ko da za a makara. Yana da yarjejeniya da wani direban da zai karɓe shi ranar da motarsa ta lalace, iyaye sun san fuskarsa da lambar motarsa tun kafin ranar. Wanda ba shi da wannan, wayarsa a kashe za ka same ta.

Duk abin da aka yi magana a kai a sa shi a takarda ɗaya, shafi guda ya isa: lokacin ɗauka da saukewa da wurin, adadin yaran da ba za a wuce ba, sunan direba da na Anti, waɗanda za a miƙa wa yaro, yadda ake ƙara kuɗi, abin da za a mayar idan mota ta yi fashin fiye da kwana biyu a jere, da sanarwar mako biyu kafin kowane ɓangare ya janye. Iyaye goma da suka je tare suna samun wannan cikin sauƙi, uwa ɗaya ba ta samu. Idan motar ta makarantar ce, a nemi a raba rasit ɗinta da na kuɗin makaranta, don kada bashin ɗaya ya sa a hana yaro ɗayan. Ga masu yaro a JHS 3 kuma, a cire makon BECE daga wannan tsari gaba ɗaya. Cibiyar jarrabawa sau da yawa ba makarantar yaron ba ce, jarrabawar tana faɗowa cikin damina, kuma motar da ke zagayen 'yan naziri ba za ta canza hanyarta don mutum biyu ba. A yi hayar tasi na kwanakin nan tun mako guda kafin a fara, a je a ga cibiyar da ƙafa, a auna tafiyar da safe a daidai lokacin da za a yi ta.